Ɗigar fitsari bayan ɗaukewar al'ada: mata nawa abin ya shafa?

A gidan biki na fara lura gwaggona ta canza. Mace ce mai barkwanci, irin wadda in ta shigo tsakar gida sai kowa ya san ta iso, amma a 'yan shekarun nan ta koma neman wurin zama a gefe, kusa da hanyar banɗaki. In an miƙo mata zoɓo ko kunun aya sai ta ce ta ƙoshi. In aka yi abin dariya sai ta danne, ta haɗe gwiwoyi, ta toshe baki da gefen mayafi. Kullum a jakarta akwai zani na biyu a naɗe cikin leda, da 'yar kwalbar humra. Ni na ɗauka tsafta ce irin ta manya. Sai da azumi ya kama na ji ta ce ta bar zuwa tarawihi, ita da ba a riga ta shimfiɗa darduma a sahun mata, sannan na bi ta ɗaki na saki labule.

"Gwaggo, wai lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Girma ne ya zo."

"Girman ne ya hana ki shan ruwa?"

Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Tun da jinin nan ya ɗauke, fitsari ba ya jira na. In na yi tari sai na ji ɗumi. Ki rufa min asiri, kar a ce yoyon fitsari ya kama ni da tsufana."

Shekarunta 58 a lokacin, haihuwa tara. A cikin 'yar wannan amsa ta ɗora laifin a kan ɗaukewar al'ada, ta yanke cewa abin girma ne da ba shi da magani, ta kuma haɗa shi da yoyon fitsari. Akwai na huɗu da ba ta furta ba, wanda shi ya fi yi mata nauyi: tana ganin a duk danginmu ita kaɗai ce.

To mata nawa ne? Tambayar tana da sauƙin yi, amsar ce mai santsi, domin ta dogara ga yadda aka tambaya da kuma wanda ya tambaya. A shekarar 2002 ƙungiyar masana ta duniya da ke nazarin riƙon fitsari, wadda ake taƙaita sunanta da ICS, ta tsayar da cewa duk fitsarin da ya kuɓuce wa mutum ba da sonsa ba ya shiga lissafi, komai ƙanƙantarsa. Ke nan macen da ɗigo ɗaya ya zubo mata ranar da mura ta sa ta atishawa mai ƙarfi, da wadda ke sauya zani sau uku a wuni, duk suna iya faɗawa layi ɗaya a takardar mai bincike. Shi ya sa za ki ga wani rahoto ya ce mace ɗaya cikin huɗu, wani ya ce fiye da rabi, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Binciken da aka fi jingina da shi an yi shi ne a lardin Nord-Trøndelag na ƙasar Norway tsakanin 1995 da 1997, aka buga sakamakon a 2000. Mata kusan 28,000 masu shekara 20 zuwa sama suka cike takarda da hannunsu. Kashi 25 cikin 100 suka ce fitsari na kuɓuce musu. Amma da aka tace, aka ware waɗanda abin ke zubo musu da yawa kuma yana damun su, sai adadin ya sauko zuwa wajen kashi 7. Abin lura a binciken shi ne yadda adadin ke tafiya da shekaru: yana hawa har ya kai kusan kashi 30 a wajen shekara 50, daidai lokacin da al'ada ke ɗaukewa, sai ya ɗan tsaya, har ya ɗan ja baya, sannan ya sake hawa a shekarun tsufa sosai. Ki riƙe wannan tsayawar, za mu dawo kanta.

A Amurka, Jami'ar Michigan ta yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 2018 tsakanin mata masu shekara 50 zuwa 80. Kashi 43 na masu 50 zuwa 64 suka ce abin ya same su a cikin shekarar da ta gabata, haka kashi 51 na masu 65 zuwa 80. Wani nazarin da aka buga a 2008, wanda ya ƙidaya matsakaici da mai tsanani kaɗai, ya samu kimanin kashi 17 a tsakanin masu 40 zuwa 59, kashi 23 a masu 60 zuwa 79, da kusan kashi 32 a masu 80 zuwa sama. In aka haɗa waɗannan wuri ɗaya, ga abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba: cikin matan da al'adarsu ta ɗauke, daga ɗaya cikin uku zuwa rabi suna samun ɗiga ko da jifa-jifa ne, kuma wajen ɗaya cikin biyar abin ya kai ya sauya musu tsarin rayuwa. A ajin Islamiyyar manyan mata mai mutum 40, lissafin nan na nufin gwaggona tana da 'yan uwa sama da goma a kan tabarma ɗaya, kowacce na zaton ita kaɗai ce.

Akwai kuma wani adadi a ƙuri'ar Michigan da ya fi tsaya min a rai. Kashi biyu cikin uku na matan da abin ya shafa ba su taɓa gaya wa likita ba. A Amurka ke nan, inda ake tallar audugar fitsari a talabijin.

Yanzu mu dawo gida. A 2011 aka buga wani bincike da aka bi gida-gida a Ibadan, aka tambayi mata kimanin 5,000. Waɗanda suka amsa cewa fitsari na zubo musu ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Mai gaggawa zai ce to ai matanmu sun tsira. Akwai ɗan abin da zai kama: al'ummarmu matasa sun fi yawa, kuma binciken ya haɗa har da 'yan mata, sannan a Amurka ma an lura baƙaƙen mata ba su kai farare yawan ɗigar da tari ke kawowa ba, ko da yake ta matsuwar gaggawa ba ta ƙyale su ba. Duk da haka ni ban yarda waɗannan dalilai sun isa su sauko da 25 zuwa 3 ba. Ki ƙaddara a garinmu ne: yarinya sa'ar jikarki ta yi sallama da takarda da biro, ta zauna a tsakar gida, kishiya na tankaɗe a gefe, suruka na shanya, ta ce, "Hajiya, fitsari na kuɓuce miki?" Amsar da za ta samu sananniya ce. Irin wannan ƙidayar kunya take aunawa fiye da mafitsara.

Kunyar tamu kuwa tana da tushe. Mun tashi muna jin ana yi wa yaro mai fitsarin kwance waƙar amalala a bainar jama'a. Sannan kalmar da muke da ita ga babbar mace mai zubar fitsari guda ce, yoyon fitsari, kuma kalmar ta riga ta ɗauki kaya: doguwar naƙuda, jaririn da bai zo da rai ba, zarni, saki, komawa gidan iyaye. Wancan ciwo ne na daban. Kan jariri ne ke tokare ƙashin ƙugu kwana da kwanaki har naman da ke tsakanin mafitsara da farji ya mutu ya huje, ko kuma yankan gishiri ya yi ɓarnar. Fitsarin mai wannan ciwo yana tsiyaya ne dare da rana, tana zaune ko tana kwance, ba tari ba matsuwa, kuma ɗinki ne maganinsa. Shi ake yi a Babbar Ruga ta Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi suna tun cikin shekarun 1980, da cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, da Danja kusa da Maraɗi. Abin da ke damun gwaggona babu huji a cikinsa. Mafitsararta lafiyayya ce, marfin ne ya saki. Amma da yake sunan ɗaya ne a bakin mutane, ta gwammace ta yi shiru da a jefa ta cikin wancan sahu.

Ga yadda abin yake a jiki. Mafitsara jaka ce ta tsoka, tana ɗaukar kusan abin da ledar fiya wata guda ke ɗauka. Daga ƙasanta bututun fitsari ya fita, kuma na mace gajere ne, kimanin santimita 4, alhali na namiji ya ninka haka wajen sau biyar. Akwai zoben tsoka da ke tsuke bututun, a ƙarƙashi kuma akwai shimfiɗar tsokoki da suka tashi daga ƙashin mara zuwa ƙarshen gadon baya, suna tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura kamar yadda majanyi ke tallafe goyo. Muddin majanyin na da ƙarfi, in kin yi tari ciki ya danno ƙasa, bututun zai matsu a jikinsa ya rufe. In ya saki, dannowar sai ta fi ƙarfin marfin.

Wannan shi ne nau'in farko, ɗigar yunƙuri: tari, atishawa, dariya, ɗaga bokitin ruwa, tashi daga sujada. Ba ta ba da sanarwa, kuma yawanci kaɗan ce. Rabin matan Norway da suka ce suna ɗiga irin wannan gare su, kuma ita ta fi yawa a wajen shekara 50. Nau'i na biyu ɗigar matsuwa ce. Nan tsokar mafitsarar ce ke da rawar kai, tana matsewa tun ba ta cika ba, tun ba a ba ta izini ba. Mace na zaune lafiya sai ta ji fitsari ya taso kamar an kunna famfo, kafin ta ɗauki buta ta kai bayi ya riga ta. Ƙarar zubar ruwa na tayar da shi, sanyin hunturu na tayar da shi, har isowa ƙofar gida daga unguwa. Masu irin wannan su ne ke tashi sau uku sau huɗu cikin dare. Yayin da shekaru ke ja, wannan nau'in da kuma haɗakar biyun su ke ƙaruwa, kuma su suka fi takura rayuwa, domin ba a san lokacin zuwansu ba, ga yawa.

Akwai wasu biyu da ba a cika kawo su ba. Ɗaya mafitsara ce ba ta juyewa duka, sai ta cika ta riƙa tumbatsa, abin da tsohon ciwon suga ko saukowar mahaifa kan jawo. Ɗayan kuwa mafitsarar ba ta da laifi ko kaɗan: gwiwa ce ta ƙi, bayin yana can ƙarshen gida, babu wuta, ga tsugunno. Tsohuwar da aka ajiye wa fo a ɗaki da tocila a gefen filo tana iya warkewa a daren.

To ina ɗaukewar al'ada ta shigo? Yawancin mata jininsu na tsayawa ne tsakanin shekara 45 da 55, lokacin da ƙwayayen mahaifa suka rage fitar da sinadarin estrojin. Fatar farji da ta bututun fitsari da wuyan mafitsara duk suna rayuwa da wannan sinadari. In ya ja baya sai su yi siriri, su bushe, laushin da ke sa bututun ya manne ya ragu, ƙwayoyin halittar da ke gadin farji su ragu, ciwon mafitsara ya samu ƙofar dawowa a kai a kai. Daga nan ake samun zafin fitsari, da yawan matsuwa, da jin zafi wajen saduwa. Wannan gaskiya ne, kuma gwaggona ba ta yi kuskure ba da ta lura abin ya tsananta a wannan lokacin.

Sai dai laifin da ake ɗora wa ɗaukewar al'ada ya fi wanda ta aikata. Ki tuna tsayawar nan ta adadin Norway bayan shekara 50: in da rashin estrojin ne babban dalili, da daga nan adadin zai yi ta tashi ba tsayawa. A Amurka an ɗauki mata 3,302 masu shekara 42 zuwa 52 tun daga 1996, a wani dogon bincike da ake kira SWAN, aka riƙa bibiyar su shekara bayan shekara suna tsallaka wannan mataki. Abin da ya fito shi ne, tsallakawar ita kanta ba ta cika tsananta ɗigar ba. Ƙarin ƙiba da ciwon suga sun fi ta hannu a ciki.

Babban abin mamakin ya zo a 2005. Shekara da shekaru likitoci na ba mata ƙwayoyin estrojin na sha da zaton za su tsayar da ɗiga, tunda dai rashinsa ake zargi. Sai gagarumin binciken lafiyar mata na Amurka, WHI, wanda ya ƙunshi mata sama da 27,000 masu shekara 50 zuwa 79, ya nuna akasin haka. Cikin matan da ba su da matsalar tun farko, waɗanda aka ba ƙwayar sun kusa ninka waɗanda aka ba ta bogi wajen kamuwa da ɗigar yunƙuri a cikin shekara guda, masu matsalar kuma ta ƙaru musu. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Abin da ya tsira daga wannan shi ne estrojin na shafawa ko na cusawa a farji, mai ƙaramin awo, wanda ke aiki a wurin kaɗai. Shi kam yana taimaka wa bushewa da matsuwa da yawan dawowar ciwon mafitsara. Sinadari ɗaya, hanya biyu, sakamako daban.

In haka ne, me ya sa abin ke bayyana a wannan shekarun? Domin a lokacin ne basussukan da jiki ya ci ke haɗuwa. Na farko haihuwa. A wani reshe na binciken Norway da aka buga a 2003, kashi 10 na matan da ba su taɓa haihuwa ba ke ɗiga, kashi 16 na waɗanda aka yi wa tiyatar haihuwa, da kashi 21 na waɗanda suka haihu da kansu. Haihuwar fari ta fi kowacce barin tabo, sauran suna ƙarawa a kai. Waɗannan mata ne masu 'ya'ya biyu ko uku. A ƙidayar lafiya ta Najeriya ta 2018, matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma 6.6 ne, a Nijar kuwa ƙidayar 2012 ta ba da 7.6. Ki ƙara da nishin da ake sa mace ta fara tun mahaifa ba ta gama buɗewa ba, da ƙarin da ba a ɗinke ba, da komawa daka da ɗibar ruwa ana gama wankan jego. Ƙuruciya na rufe wannan ɓarna shekara ashirin, talatin. Ranar da tsoka ta fara raguwa, fata ta yi siriri, sai abin da ke ɓoye ya fito.

Na biyu teɓa, wadda a wurinmu ake yi wa kallon hutu da kyan riƙo. Nauyin ciki yana zaune ne a kan mafitsara dare da rana. Sai ciwon suga, mai ƙara yawan fitsari ya kuma lalata jijiyoyin mafitsara a hankali. Sai tsohon tari, ko na asma ko na hayaƙin icen da aka shekara talatin ana shaƙa a madafa. Sai taurin bayan gida, wanda muke tattarawa mu kira basir, alhali yunƙurin kullum yana sassauta majanyin, cikakkiyar dubura kuma na tokare mafitsara. Magungunan hawan jini ma na da nasu: wasu aikinsu shi ne sa fitsari, irin su Lasix, wasu kuma kamar lisinopril suna kawo busasshen tari ga wasu mutane. Ba a daina su da ka, amma likita na iya sauya iri ko lokacin sha. Sai goro. Na san nan zan ɓata da manya, amma sinadarin da ke cikin goro mai kore barci, shi ne dai na kofi da shayi, kuma yana tsokanar mafitsara. Gwaggona tana gama ɗaya da rabi kafin azahar.

Abin da mata ke yi da kansu kafin su kai ga asibiti shi ya fi ba ni tausayi, domin rabinsa ƙara ciwon yake. Na farko a daina shan ruwa. A zafin watan Afrilu na Kano ko Damagaram, mace mai shekara 60 ta wuni a kan kofi biyu: fitsarin ya yi kauri ya yi ja, ya ƙara tsokanar mafitsara, zarninsa ya ƙaru, bayan gida ya ƙara tauri. Na biyu a ce sanyi ne. Kalmar nan sanyi ta zama buhun da ake zuba duk abin da ya shafi ƙasan mace, sai a bi masu maganin gargajiya a sha jiƙe-jiƙe, ko a je kemis a haɗo ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta a yi ta sha wata da watanni. Ciwon mafitsara na gaske gwajin fitsari ke nuna shi, kuma kwanaki kaɗan ake maganinsa. Tsokar da ta saki kuwa ko buhun kafso aka shanye ba za ta ɗaure ba. Na uku zuwa bayi kowane rabin awa don riga-kafi, wanda ke koya wa mafitsara ta riƙa kuka tun ba ta ɗauki komai ba.

Kuma abin ba ya tsayawa a wanki. Wani bincike a kan tsofaffin mata a Amurka, wanda aka buga a 2000, ya nuna masu ɗigar matsuwa a kowane mako sun fi sauran yawan faɗuwa da wajen kashi 26, karaya kuma da kashi 34. Hanyar a bayyane take: tsakar dare, gaggawa, duhu, santsin bakin rijiya, ga ƙashin da ya riga ya yi rauni bayan ɗaukewar al'ada. Akwai kuma abin da ba ya shiga ƙidaya, kamar macen da ta yafe kwananta ba don ta gaji da mijinta ba, da wadda ta ƙi kujerar Makka saboda tunanin ɗawafi.

Batun ibada shi ya fi ci wa gwaggona rai, alhali malamai sun gama da shi tun ƙarni da yawa. Sunansa a fiƙihu salasul bauli, kuma duk wadda ta yi karatun Risala ta wuce ta kansa a babin abin da ke wajabta alwala. A mazhabar Malikiyya, in ɗigar ta mamaye rabin lokaci ko fiye, ba ta karya alwala, an dai so a sabunta ga kowace salla. In tana zuwa ne jifa-jifa sai a sake alwalar. An kuma yi rangwame a kan abin da ya taɓa jiki da tufafi ga wadda abin ke zo wa kullum. Mace ta yi ƙunzugu mai kyau ta tsare wurin salla, ta kai wa malamarta bayanin yadda nata yake. Shekara biyu gwaggo ta yi tana rama sallolin da ba su ɓaci ba.

Magani na farko ba ya cin ko kwabo. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana shi a 1948: motsa tsokokin majanyin nan har su yi ƙarfi. Ki matse kamar mai riƙe tusa da fitsari lokaci guda, ki ja sama, ki riƙe kina ƙirga daga ɗaya zuwa biyar, in kin saba har goma, sannan ki saki gaba ɗaya ki huta kwatankwacin haka. Ban da matse ɗuwawu ko cinyoyi, ban da riƙe numfashi, kuma ba a mayar da shi al'ada a tsakiyar yin fitsari. Ƙa'idar da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, ta shimfiɗa ita ce aƙalla matsa 8, sau 3 a rana, na wata 3 ko fiye, kuma ya fi kyau a koya a hannun ma'aikaciyar sashen gashi ko nas da ta san aikin, domin mata da yawa suna dannawa ƙasa suna zaton sama suke ja. Wani nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya samu cewa cikin masu ɗigar yunƙuri, kashi 56 na waɗanda suka yi motsin sun ce sun warke, a kan kashi 6 na waɗanda ba su yi ba. Ƙwayoyi kaɗan ne a duniya ke da irin wannan tazarar. Inda yake faɗuwa shi ne a sati na uku, in mace ta ga shiru ta watsar. Akwai kuma 'yar dabara: ki matse kafin tarin ya fito, kafin ki ɗaga tukunya.

Ɗigar matsuwa kuma horo take so. A rubuta lokutan fitsari da abin da aka sha na kwana uku, sannan a riƙa ƙara tazara kaɗan-kaɗan, minti 15 a kan na da, har a kai awa uku, na aƙalla sati shida. In matsuwar ta taso a tsaya cak, a matse sau biyar da sauri, a bari ta lafa, sannan a tafi a hankali. Gudu shi ke zubar da shi. Rage ƙiba ma an gwada shi: a 2009 aka buga gwajin mata 338 masu nauyi, waɗanda suka sauke kimanin kashi 8 na nauyinsu cikin wata shida sun ga ɗigarsu ta ragu da kashi 47, sauran kuwa da kashi 28.

In waɗannan ba su isa ba akwai ƙwayoyin kwantar da mafitsara irin su solifenacin da mirabegron. Tsohon cikinsu, oxybutynin, yana busar da baki, yana taurara bayan gida, yana kuma iya rikita tunanin tsohuwa mai rauni, don haka ba abin saye a kemis ba ne. Akwai zoben roba da ake sakawa ya tokare mahaifar da ta sauko. Akwai tiyata, wadda a wasu nau'o'inta ake ɗaure bututun da zaren roba, dabarar da ta fito daga Suwidin a tsakiyar shekarun 1990, ko da yake Ingila ta dakatar da ita a 2018 saboda koken matan da ta bar wa ciwo, a wasu kuma da naman jikin macen ake yi.

Wasu alamomin ba sa jiran motsa tsoka: jini a fitsari, jinin da ya dawo bayan al'ada ta shekara da ɗaukewa, ruwa mai wari, wani abu da ke leƙowa ta farji, kasa yin fitsarin gaba ɗaya, mutuwar ƙafafu, ko tsiyayar da ba ta tsayawa dare da rana. Na ƙarshen nan a jikin dattijuwa yana iya zama huji ne da kansar bakin mahaifa ta yi. Waɗannan asibiti ne a satin.

Ranar da na kai gwaggo, likitar ta tambaye ta me ke tafe da ita, ta ce ciwon baya. Sai da na taɓa ta da gwiwa na ce, "Gwaggo, ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi," sannan ta sunkuyar da kai ta faɗa. Likitar ko gira ba ta ɗaga ba, ta ce ita ce ta huɗu a safiyar. Aka gwada fitsari babu ciwo, aka gwada jini suga ya hau, abin da ba mu sani ba sam. Aka ba ta maganin suga da man shafawa, nas ta koya mata matsewar, ita kuma ta ɗaura ta a kan sallar asuba da la'asar da isha, tana ƙirgawa da carbinta. Goron dai an yi ciniki, an tsaya a ɓari ɗaya. Azumin da ya zagayo ta koma tarawihi. Har yau a ƙarshen sahu take shimfiɗa dardumarta, kusa da ƙofa, kuma zanin nan na biyu yana cikin jaka, ta ce wata huɗu ke nan ba ta kwance ledar ba.